Sanyin Ƙarshe da Lokacin Shuka: Yadda Ake Lissafin Lambu a Ƙasashen Sanyi

Duk Bahaushen da zama ya kai shi Ingila ko Jamus ko Kanada ko arewacin Amurka, in dai ya tashi a gidan da ake riƙe fartanya, da wuya ya shekara biyu bai fara tunanin kafa ɗan lambu ba. Wani a bayan gida, wani a cikin tukwane a baranda, wani kuma ya rubuta sunansa a layin masu jiran 'yan filayen da hukumar gari ke bayarwa haya. Ɗanyar kuɓewa da attaruhu suna da tsada a shagunan 'yan Afirka, yakuwa kuwa sai an yi sa'a ake samunta. To amma tun kafin a kai ga maganar taki ko ban ruwa, akwai tambayar da ke kayar da sabon shiga: yaushe ake shuka? Idan ya juya takardar irin da ya saya, zai ga an rubuta masa cewa ya shuka bayan sanyin ƙarshe ya wuce, ko kuma ya yayyafa iri a cikin ɗaki mako shida kafin sanyin ƙarshe. Kusan dukkan lissafin lambu a waɗannan ƙasashe a kan wannan rana aka ɗora shi, wato daren da raɓa za ta daskare karo na ƙarshe kafin ɗumi ya zauna da gindinsa. Ita kuwa wannan rana babu mai saninta sai bayan ta wuce.

Sai an fahimci abin da ke faruwa a irin wannan dare sauran bayanin zai zauna. Da yini ƙasa tana shan zafin rana, da dare tana sakinsa sama. Idan akwai gajimare, yakan tare wani kaso na zafin ya maido shi. Idan iska na kaɗawa, takan gauraya sanyin da ke kwance a ƙasa da ɗumin da ke bisansa. Amma idan sama ta yi garau, taurari suka fito tar, iska ta kwanta, to zafi tafiya yake yi ba dawowa, har saman ganye ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi. Abin yakan kai maƙura gab da fitowar rana. Shi ya sa yini mai haske da daɗi a watan Afrilu ko farkon Mayu, wanda kowa ya fito shan hantsi, shi ne yinin da ya kamata mai lambu ya kwana cikin shiri.

Akwai abin da hasashen yanayi ba ya faɗa wa mutum kai tsaye. Ma'aunin zafi na tashoshin hukuma ana ɗora shi ne a tsayin mita ɗaya da 'yan kai zuwa mita biyu, a cikin akwati mai inuwa. Tumatir ɗinka kuwa bai fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba. A daren da iska ta kwanta, bambancin wurin ma'aunin da fuskar ƙasa yakan kai digiri uku ko huɗu. Wayarka za ta nuna maka digiri 3 a ma'aunin Salshiyas, ka kwanta hankali kwance tunda ruwa sai a sifili yake daskarewa, da safe ka tarar ciyawa ta yi fari fat. Saboda haka ne hukumar yanayi ta Birtaniya take bambanta daskarewar iska da daskarewar ƙasa, a Amurka kuma ake fara fitar da gargaɗi tun ana hasashen digiri 36 na Faranhait, kusan digiri 2 ke nan na Salshiyas.

Ɓarnar ba ta bayyana nan take. Da sassafe ganyen tumatir ɗin yana nan tsaye, sai ɗan farin gari-gari a gefensa. Hantsi na ɗagawa sai ya yi duhu ya jiƙe, kafin azahar ya langaɓe, washegari ya yi baƙi ƙirin. Ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin ganyen ne ya zama ƙanƙara, ya zuƙe ruwan cikinsu, ya farfasa su. Kabeji da albasa da karas suna da makari: idan sanyi ya shigo a hankali sukan tara sukari a jikinsu, wanda ke hana ruwan jikin saurin daskarewa, shi ya sa ma karas ɗin da ya sha sanyi ya fi zaƙi. Tumatir da tattasai da kuɓewa asalinsu ƙasashen zafi ne, ba su gaji wannan dabara ba ko kaɗan. Dare ɗaya ya ishe su.

To daga ina ake samo ranar da ake rubutawa a kalandar masu lambu? A Amurka hukumar kula da yanayi da tekuna ta ƙasar, wato NOAA, ce ke fitar da ita daga bayanan shekara talatin, kuma lissafin da ake aiki da shi yanzu na 1991 zuwa 2020 ne, wanda aka fitar a 2021. Ana duba kowace tasha, a ga ranar da aka yi daskarewar ƙarshe a kowace shekara, a ɗauki ta tsakiya. Ma'anar wannan tana da nauyi, kuma masu lambu da yawa ba sa tsayawa su auna ta: a rabin shekarun nan, sanyin ƙarshe ya zo ne bayan wannan rana. Wanda ya dasa tumatir a matsakaiciyar ranar sanyin ƙarshe ya amince ke nan a shekara ɗaya cikin biyu zai kwana yana fargaba, ko ya tashi ya tarar da asara. Teburin nan na NOAA yana ba da wata rana ta daban, wadda yiwuwar daskarewa bayanta bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, kuma a wurare da yawa tana zuwa ne kimanin mako biyu bayan ta tsakiyar. Ita ce ta dace da duk abin da ba ya jure sanyi, ko da yake ita ma tana barin shekara ɗaya cikin goma a buɗe.

Manomin gero a Katsina ko Maraɗi ba baƙo ba ne ga irin wannan lissafi. Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, wani ya fita ya shuka, wani ya ce a dakata a ga na biyu. Idan ruwa ya ɗore, mai gaggawa ya riga kowa cin tumu. Idan ya ɗauke mako uku, yabanya ta ƙone, sai sake shuka in akwai sauran iri a rumbu. Hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen faɗuwar damina kowace shekara, manomi yana saurare, amma yana kuma duban sama da ƙasar gonarsa. Haka ya kamata a riƙe ranar sanyin ƙarshe, sai dai a can abin da ake jira shi ne tafiyar sanyi.

Wani kuskure da ya zama ruwan dare, musamman a Amurka, shi ne ɗaukar lambar shiyya a matsayin kalandar shuka. Ma'aikatar noma ta ƙasar tana da taswirar da ta kasa ta shiyya 13, wadda aka sabunta a Nuwamban 2023, kuma za ka ji mutum yana cewa shi ɗan shiyya ta 6 ne, yaushe zai dasa tattasai? Taswirar tana auna matsakaicin dare mafi tsananin sanyi ne a tsakiyar hunturu, don a san ko itacen ɓaure ko na tuffa zai ƙetare hunturu da rai. Ba ta cewa komai a kan ranar da sanyi ke tafiya. Garuruwa biyu a shiyya ɗaya, ɗaya a bakin teku ɗaya a kan tudu can cikin ƙasa, suna iya bambanta da makonni.

Kafin a sami tashoshin auna yanayi, mutanen Turai sun ɗaure lissafin a jikin kalandar coci. A Faransa da Jamus da Austiriya da Poland akwai ranakun da ake kira na waliyyan ƙanƙara a tsakiyar Mayu. A Faransa 11 da 12 da 13 ga wata ne, ranakun tunawa da Mamertus da Pankras da Servatius, a kudancin Jamus kuma lissafin yana kaiwa 15, ranar da suke wa laƙabi da Sofiya mai sanyi. Har yau akwai masu lambu a Bavaria da ba sa fitar da tumatir waje sai Sofiya ta wuce. A Kanada ana jiran hutun Sarauniya Victoria, Litinin ɗin da ke gabanin 25 ga Mayu. A Birtaniya shawarar da aka saba ji ita ce ƙarshen Mayu a kudu, farkon Yuni a arewacin Ingila da Scotland. Bayanan yanayi ba su nuna cewa waɗancan ranaku na Mayu sun fi maƙwabtansu sanyi kowace shekara ba, amma ni ban raina al'adar ba. Mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna asarar shuka sun zaɓi ranar da ta yi nesa da matsakaici, wato sun gano lissafin kashi goma cikin ɗari tun ba a zana shi a tebur ba. Illarta dai ita ce kowace ta yankinta ce. Wanda ke zaune a birnin Atlanta na Amurka, inda sanyi kan tafi wajen ƙarshen Maris, idan ya jira tsakiyar Mayu ya zubar da mako shida a banza.

Ko a cikin gari ɗaya ma ranar ba ɗaya ba ce. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, don haka da dare takan gangara ta taru a kwari, ko a gindin katanga da shinge inda ta rasa hanyar wucewa. Lambun da ke ƙasan tudu yana iya daskarewa alhali na samansa lafiya lau. Tsakiyar babban birni irin Landan ya fi ƙauyukan kewaye ɗumi da dare, saboda gine-gine da kwalta suna riƙe zafi, haka ma bakin teku da bakin manyan tafkuna. Bangon bulo mai fuskantar kudu yana yini yana shan rana, ya kwana yana saki, kuma gindinsa ne wuri mafi daraja a kowane lambun ƙasashen sanyi. Alƙaluman da ke intanet kuwa sau da yawa daga filin jirgin sama aka ɗauko su, mai nisan kilomita da yawa daga gidanka. Ƙaramin ma'auni mai riƙe mafi ƙarancin zafin dare, a ajiye shi daidai tsayin shuka, ya fi su faɗa maka gaskiya. Dattijon da ya shekara talatin yana noma fili kusa da naka shi ma haka, domin ya san kusurwar da ke fara yin fari.

Inda na ga an fi yin asara kuwa shi ne tunanin cewa akwai rana ɗaya ta shuka. Mutum ya jira ta, ta zo, ya zuba komai a ƙasa lokaci guda. Ta haka ya makara ga rabin kayansa, ya yi gaggawa ga sauran rabin.

Albasa da latas da kabeji da karas da fis da alayyahun Turawa kayan sanyi ne, kuma wurinsu a ƙasa tun mako huɗu zuwa shida kafin ranar sanyin ƙarshe. Irin latas da na albasa yana iya tsirowa a ƙasar da ba ta wuce digiri 2 ko 3 ba, fis da karas da kabeji daga digiri 4 ko 5, duk da cewa a hankali suke fitowa. Ɗan daskarewar dare ba ya kashe su. Abin da ke ɓata su zafi ne da tsawon yini: latas ya miƙe ya fitar da fure ganyensa ya yi ɗaci, fis ya daina 'ya'ya. Wanda ya jira ƙarshen Mayu ya shuka fis a wuri mai zafin Yuli kamar Chicago, ɗan abin da zai tsinka ba zai cika kwano ba. Sharaɗinsu ɗaya ne, ƙasa ta tsane daga ruwan narkewar ƙanƙara. Ka dunƙula ta a hannu: in ta manne ta yi santsi, ka bar ta tukuna, in ka taɓa da yatsa ta wargaje, ta yi. Ƙasar laka da aka kafta tana jiƙe hoge take zama, kuma haka za ka yi ta fama da ita har kaka. Dankalin Turawa yana tsakani. Ana binne shi mako biyu zuwa huɗu kafin ranar, kuma ko sanyi ya ƙone tohonsa yakan sake fitowa daga ƙasa, sai dai girbi ya ɗan ja baya. Idan an ji ƙishin-ƙishin sanyi, a tara masa ƙasa ta rufe tohon.

Kayan miyarmu kuwa, a nan ne maganar ta fi muhimmanci, domin su ranar sanyin ƙarshe ba ita ce ƙofarsu ba ma. Tattasai da attaruhu da kuɓewa da yalo da dankalin Hausa da kankana suna cutuwa tun ruwa bai daskare ba. Dararen da suka sauka ƙasa da digiri 10 sun isa su tsayar da girmansu, saiwa ta kasa jan abinci, ganye ya ɗashe. Tumatir da aka dasa a ƙasa mai sanyi za ka ga bayan ganyensa ya koma shunayya, alamar saiwar ta kasa ɗaukar sinadarin fosfaras ko da yana nan a ƙasar. Ga shi da rai, amma mako uku yana tsaye wuri ɗaya. Kuma ƙasa tana bin bayan iska a ɗumama: yini ya yi daɗi har ka cire rigar sanyi, amma ƙasan taƙi guda har yanzu hunturu ne.

A shekarun 1950 wani masanin iri a Jami'ar California da ke Davis, J. F. Harrington, ya auna kwanakin da iri ke ɗauka kafin ya tsiro a zafin ƙasa daban-daban, kuma har yau teburinsa ake kwafa a littattafan lambu. Irin tumatir ya ɗauki kwana 43 a digiri 10, kwana 14 a digiri 15, kwana 6 a digiri 25. Tattasai bai tsiro ba sam a digiri 10. A digiri 15 ya ɗauki kwana 25, a digiri 25 kwana 8. Kuɓewa kwana 27 a digiri 15, kwana 17 a digiri 20, kwana 7 a digiri 30. Irin da zai yi wata guda kwance a ƙasa mai sanyi da danshi, ruɓewa yake yi ko ƙwari su cinye shi kafin ya fito. Nan ne sauri ke haihuwar nawa: kuɓewar da aka shuka farkon Yuni a ƙasa mai ɗumi takan cim ma wadda aka shuka farkon Mayu, ta wuce ta. Don haka abin dubawa shi ne ma'aunin da za a soka a ƙasa zurfin santimita 5 zuwa 10, da safe, kwanaki a jere. Tumatir yana son ƙasa ta kai digiri 15, dare kuma ya daina sauka ƙasa da 10. Tattasai da kuɓewa da yalo suna son ƙasa ta kai 18 zuwa 20. Shagunan sayar da tsirrai suna jera dashen tumatir tun watan Afrilu saboda ana saye, kada ganinsu a kan kanta ya sa ka ɗauka lokaci ya yi.

Tunda lokacin ɗumi gajere ne, dole a fara reno a cikin ɗaki, kuma a nan ranar sanyin ƙarshe take da amfani sosai, domin daga ita ake ƙirgowa baya. A ce ranar garinku 10 ga Mayu ce. Tumatir yana buƙatar mako shida zuwa takwas, wato a yayyafa irinsa tsakanin 15 da 29 ga Maris. Tattasai da yalo mako takwas zuwa goma, farkon Maris ke nan. Attaruhu ya fi su nawa wajen tsirowa da girma, shi kam tun Fabrairu, a wuri mai ɗumin digiri 25 zuwa 30. Kuɓewa da kabewa da kankana ba sa son a taɓa musu saiwa, don haka mako uku zuwa huɗu kawai, kowane a tukunyarsa. Fis da latas sun shiga ƙasa tun farkon Afrilu. Tumatir ya fita wajen 20 zuwa 25 ga Mayu, tattasai da kuɓewa sai farkon Yuni. Wata biyu cur ke nan tsakanin shukar farko da dashen ƙarshe a lambu ɗaya.

Ɗokin fara reno da wuri shi ma tarko ne. Tumatir da aka yayyafa a Janairu a bakin taga, lokacin da yini gajere ne haske kuma ba ƙarfi, sai ya yi tsawo siriri, fari-fari, yana karkata wajen gilashi, kafin Mayu saiwarsa ta cika tukunya ta nannaɗe. Gajeren dashe mai kauri ɗan mako shida ya fi shi kama ƙasa nesa ba kusa ba. Sannan tsiron da ya tashi a ɗaki bai taɓa sanin iska ko rana tsagwaronta ba; in aka fitar da shi kai tsaye, ganyen ƙonewa yake yi ya yi fari ko da babu sanyi. Ana saba masa ne a hankali, mako ɗaya zuwa biyu: awa biyu a inuwa ranar farko, a riƙa ƙarawa, a riƙa shigo da shi da dare, har ya kwana waje. Aiki ne mai gajiyarwa, shiga da fita da faranti safe da yamma, kuma shi aka fi tsallakewa.

Akwai kuma ɗaya bangon, wato sanyin farko na kaka. Idan garin da muka yi misali da shi yana samun daskarewar farko wajen 5 ga Oktoba, kwana 148 ke nan tsakanin bango da bango, kuma kayan zafi ba sa cin moriyar dukkansu tunda dararen Satumba sun fara sanyi. Kwanakin nuna da ake rubutawa a takardar irin tumatir da tattasai daga ranar dashe ake ƙirga su, ba daga ranar yayyafi ba. Ga wanda ya taho da iri daga gida kuma akwai wata matsala da ba ta da alaƙa da sanyi, ita ce tsawon yini. A Kano yini bai cika wuce tsakanin awa 11 da rabi zuwa kusan 13 ba duk shekara. A Landan a watan Yuni yana haura awa 16. Yakuwa ba ta fure sai yini ya gajarta, don haka a ƙasashen sanyi za ta yi ta ganye har ƙarshen Satumba, tana fara fure sanyi ya iso. Mai son ganyen miya zai samu har ya kyautar, mai son zoɓo zai sha wuya. Nau'o'in wake na gargajiya da yawa haka suke, su yi ta yaɗo ba fure. Albasar Galmi kuwa akasin haka take yi: tana fara ƙwai da yini ya kai kimanin awa 12, wanda a ƙasashen sanyi yake zuwa tun ƙarshen Maris, lokacin da ganyenta bai taka kara ya karya ba, sai ta tsaya 'yar mitsitsiya. Albasa kam gara a sayi irin yankin. Alayyahu shi ne mai sauƙin kai, da ƙasa ta ɗumama a watsa shi, cikin mako biyar ko shida ana yanka. Kuɓewa a Ingila sai a ɗakin gilashi ko rumfar leda, amma a jihohin Georgia da Louisiana da Texas na Amurka tana yi kamar a gida, kuma ta daɗe a can, tun zuwanta tare da 'yan Afirka da aka kai bauta.

Duk da wannan lissafi, dare zai zo da hasashe zai ce digiri 2, sama garau, dashe kuma yana waje. Abin yi shi ne a riƙe zafin da ƙasa ta tara. A ba ta ruwa da rana, domin ƙasa mai danshi ta fi busasshiya riƙe zafi. A rufe shuka kafin faɗuwar rana da tsohon zanen gado ko farin mayafin nan mara nauyi da ake sayarwa don lambu, a sauke shi har ƙasa a danne gefensa da duwatsu, saboda ɗumin daga ƙasa yake tasowa. Ledar da ta taɓa ganye ba ta kare shi. Bokiti a kife ya wadatar ga dashe guda, robobin ruwa da suka yini a rana kuma a jera su a gindi. Da hantsi a buɗe, kar rana ta dafa abin da sanyi ya bari. Irin wannan rufi digiri biyu ko uku yake ƙarawa, wanda ya isa ga daren da iska ta kwanta. Idan kuwa iska ce mai ƙarfi ta taso daga arewa da sanyinta, mayafi ba ya yin komai, sai dai a kwashe tukwane a shigar ɗaki. Masu lambun kewayen birnin Paris a ƙarni na 19 sun kai wannan sana'a ƙarshe: suna shimfiɗa kashin dawakin birni a ƙarƙashin fangali don zafin ruɓewarsa, su kife kowane tsiro da ƙararrawar gilashi, su kai latas kasuwa tsakiyar hunturu. Su kuɗin kayan farko suke bi, shi ya sa wahalar ta biya su. Mai lambun bayan gida ba shi da wannan riba, abin da zai samu bai wuce cin tumatir mako ɗaya kafin maƙwabcinsa ba.

Ɗumamar yanayi ta ƙara dagula lissafin ta hanyar da ba a zata ba. Gaskiya ne lokacin noma ya ƙaru. A Amurka tazarar da ke tsakanin sanyin ƙarshe da na farko ta ƙaru da fiye da mako biyu tun farkon ƙarni na 20. Amma ɗumin da ke zuwa da wuri yana tayar da tsirrai da mutane tun sanyi bai gama tafiya ba. A Maris na 2012 an yi zafin da ba a saba gani ba a jihar Michigan, itatuwa suka yi fure makonni kafin lokaci, sanyin Afrilu ya zo ya lalata kusan kashi 90 cikin 100 na ceri mai tsami na jihar. A Faransa, bayan ƙarshen Maris mai ɗumi a 2021, daskarewar farkon Afrilu ta afka wa gonakin inabi da na 'ya'yan itace a kusan duk faɗin ƙasar. Manoma suka kwana suna kunna manyan kyandirori a tsakanin kunyoyi, ministan noma na lokacin, Julien Denormandie, ya ce wataƙila ita ce masifar noma mafi girma a farkon wannan ƙarni. Mai itacen inabi ba shi da ikon hana shi toho. Mai tumatir a tukunya yana da wannan iko, kuma mako mai zafi a tsakiyar Afrilu ba dalili ba ne na sakinsa.

Hanyar da na fi gamsuwa da ita ita ce raba dashe. Kashi ɗaya cikin uku ya fita da wuri, a gindin bango mai ɗumi, mayafi na kusa. Sauran su jira ranar kashi goma cikin ɗari da ɗumin ƙasa, kuma a bar 'yan tukwane a ɗaki ko da bayan an gama dashe, har mako biyu su wuce. Idan sanyi ya taɓa na waje, kar a yi saurin tumɓukewa. A ba shi kwana uku ko huɗu a gani. Tumatir da ganyen samansa kawai ya ƙone, karansa na nan kore da tauri, yakan fitar da sabon toho daga hammatar ganye, a yanke baƙin a bar shi. Wanda karan ya yi laushi ya jiƙe har ƙasa ya tafi. Tattasai da kuɓewa da sanyi ya taɓa kuwa ko sun rayu ba sa murmurewa da wuri, kuma a lokacin ɗumi na wata huɗu gara a maye gurbinsu da na ajiya tun a makon.